Kujerar Alhaji Ta Hana Ni Durƙusawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ni tsoho ne, kuma ba mai yawan magana ba. Ban yi boko ba. Da furfurata na koyi haɗa baƙi a ajin manya, saboda haka inda na karkace ku miƙe mini. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa duk sun riga ni, 'ya'yansu kuwa ba su yi mini komai ba.

A shekarun da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu, ni ɗan dako ne a cikin birnin Kano. Mu biyu muka baro ƙauye bayan rasuwar mahaifinmu, ni da yayana. Ba mu zo da komai ba sai ƙarfi. Shi ya shiga majema ya koyi jima, ni na ɗauki gammo. Da ya yi aure ya kama ɗaki a wani lungu a Madabo, ni ina kwana a soron gidan. Duk duniya shi ke gare ni. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru, kuma ko faɗa yake yi maka sai ka yi dariya. Yana da ciwon ƙirji tun yana yaro, toka da warin majema suka ƙara masa. In damina ta kankama, daga soro nake jiyo numfashinsa kamar ana jan zarto a ɗanyen ice.

Fatun da Yaya ke jemewa wani attajiri ne a Koki yake saye, jikan Larabawan nan da suka zauna cikin gari tun zamanin ayari. Ni nake kai masa kayan. Ya ga ba na ƙorafi kuma ba na ɗan hali, sai ya ce in bar kasuwa in dawo ƙofarsa. Haka na zama baran Alhaji. Gajere ne, mai sanyin murya, kuma tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce wa mutum a'a ba. Soronsa a buɗe yake. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwa ba dukiya ba ce, ban-haƙuri ne. In ɗan wani ya yi wa babban mutum laifi, Alhaji ake zuwa a ɗauka. Da idona na sha ganinsa ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban wanda ya haifa a shekaru, don yaron da ko sunansa bai sani ba. Kuma da wuya ya tashi hannu banza.

Sai aka wayi gari ana cewa za a kafa wata majalisa a Ikko, wato Legas, ta manyan ƙasa, sama da wadda ake jefa wa ƙuri'a. Majalisar Dattawa. Ita ba zaɓe ake yi ba, manya ne ke duba mutum su miƙa sunansa. Aka miƙa na Alhaji. Unguwa ta ɗauka. Ba wanda ya san aikin majalisar a cikinmu, amma kowa yana da bayani. Mai shayi ya ce kusa da Gwamna za su riƙa zama. Wani maɗinki ya rantse cewa in Dattijo ya ce a saki mutum, ko igiya na wuyansa sai an kwance. Ni na yarda da duka. Mu abin da muka sani shi ne fada: wanda ya fi kusa da sama, shi ke da magana a kan na ƙasa. To me ya fi majalisar da aka ce tana saman majalisa?

Kafintocin unguwa suka haɗa wa Alhaji wata doguwar kujera mai hannu suka kawo soro. Da a kan buzu yake zama, kafaɗa da kafaɗa da kowa. Daga ranar ya hau kujera, mu muna ƙasa. Masu ba shi shawara suka ce yawon ban-haƙuri bai kamace shi ba yanzu, mutumin da zai zauna da manyan ƙasa ba ya tsugunawa a soron kowa. Ya daina. Ni ma aka ɗinka mini riga da hula. Waɗanda ke ce mini "kai ɗan dako" suka koma "Malam." Mahauci yana ƙara mini tsoka ban roƙa ba. Malam Edita, duk rayuwata a sunkuye na yi ta, ƙarƙashin kayan mutane. Da na ɗanɗani tafiya a miƙe, sai kaina ya juya.

Ana cikin haka abin ya faru. Wani baran wakilin hakimi ya je majema, kamar yadda suka saba, ya zaɓar wa ubangidansa fata ba tare da ya tambayi mai ita ba. Ya bi ta kan fatun da Yaya ya shanya da takalminsa, ya ɗauki wata ja wadda aka riga aka yi alkawarinta. Yaya ya ce masa ya ajiye, tana da mai ita. Baran ya toshe hanci ya ce mai wari ya matsa baya in zai yi magana. Yaya ya ce masa tunda warin ne ke damunsa, bari ya saba da shi gaba ɗaya. Ya tura shi cikin ramin jima, da rigarsa da hularsa. Baran bai ji ciwo ba. Amma majema duka ta kwashe da dariya, yara suka raka shi da tafi har bakin titi. Dariyar nan ita ce laifin. Kafin la'asar 'yan doka sun zo sun tafi da Yaya, aka tsare shi ana jiran a kai maganar gaban alƙali.

To a lokacin akwai hanyar da ake bi, kuma kowa ya san ta. Kafin magana ta shiga gaban alƙali, mai unguwa da liman sukan ɗauki namiji ɗaya daga jinin mai laifi su tafi soron wanda aka ɓata wa, da ɗan goro. Ɗan'uwan zai tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, ya shiga ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya shafa a goshi, ya ce mun tuba, mun bi Allah mun bi ka. Babban mutum zai yi faɗa, ya zazzage abin da ke cikinsa, wani lokaci ya sa a yi wa mai laifin 'yar bulala. Daga nan sai ya janye ƙara. An wanke masa fuska a gaban jama'a, shi ke nan. Mace ba ta zuwa, maƙwabci ba ya tsayawa a madadin jini. Yaya kuwa ba shi da wani namiji a birnin nan sai ni.

Ban fara zuwa wurin mai unguwa ba. Wurin Alhaji na tafi. Na same shi a kan kujera ana gwada masa alkyabbar tafiya, don zaman majalisa ya matso. Na faɗa masa komai. Ya ci gaba da jan carbi, bai dube ni ba. Can ya ce, "Kada ka damu. Za a duba. Allah ya kai mu Ikko." Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ina da hankali da na tuna na sha jin wannan maganar a bakinsa, yana faɗa wa mutanen da ba zai iya yi musu komai ba. Amma kunnena abin da yake so ya ji. Na tashi ina ganin kamar an riga an buɗe ƙofa.

Washegari mai unguwa ya zo da kansa, tsoho ne mai dogara sanda. Ya ce liman ya shirya, goro ma shi zai saya, ni dai in taso. Ya ce ya ji daga majiya mai kyau wakili bai miƙa maganar ba tukuna, yana jiran a zo. Na ce masa ba inda za ni. Na ce maganar ta wuce soron wakili, Ikko za ta. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce rigar ta yi mini kyau, amma in tuna ba a jikina aka auna ta ba. Ya ce Ikko tafiyar jirgi ce, soron wakili kuwa ga shi nan, ko gurgu ya je ya dawo kafin azahar. Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce masa na gama durƙuso a duniya. Ya juya ya tafi. Ban tsaya nan ba. Na je bakin kasuwa na faɗa a gaban mutane cewa in Alhaji ya buɗe baki a majalisa, wakili ne zai tako Madabo ya ba mu haƙuri. A Kano magana ba ta kwana a inda aka yi ta.

Kafin mu tashi na sami ganin Yaya ta tagar inda yake tsare. Yana tari, amma bakinsa na nan. Ya tambaye ni ko an samo sabuwar hular baran wakili, don waccan ta jemu, sai dai a yi jaka da ita. Na faɗa masa shirina, ina jiran ya yaba. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙanena, je ka durƙusa. Gwiwarka ba ta zinariya ba ce. Ɗakin nan da danshi, ƙirjina ba zai kai ka Ikko ya dawo ba." Na ce masa ya yi haƙuri kaɗan, zai fito da darajarsa. Ya ce darajar majemi a rana take, inda fata ke bushewa. Matarsa ta biyo ni har tasha da 'yarsu goye a bayanta tana roƙona. Na ce mata mata ba su san waɗannan al'amura ba.

Jirgin ƙasa ya kai mu Ikko. Gari ne mai ruwa sama da ƙasa, gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Aka sauke Alhaji a wani gidan bene tare da sauran 'yan majalisa, ni ina ɗakin barori a baya. Aikina dafa shayi, cika buta, goge takalmi. Kullum da safe mota takan zo ta ɗauke su, mu barori mu zauna a inuwa a bakin majalisa muna jira. Kullum in ya fito sai in dubi fuskarsa. In na tambaya sai ya ce ba a zo kan maganar ba tukuna.

Wata rana ya manta madubin idonsa, na bi shi da shi. Wani masinja Bahaushe ya karɓa ya kai masa, ni kuma ya hau da ni benen 'yan kallo, ya ce in zauna in ga abin da ake yi, kada in yi tari. Na leƙa. Zaure ne babba mai sanyi, ga manya jere a kujeru, wasu da rawani, wasu da kwat, wasu da zane a kafaɗa. Na yi ta neman Alhaji a gaba, kusa da mai shugabantar zaman. Can na hango shi a layin baya, ya shige cikin alkyabba, ƙafarsa ba ta ko taɓa ƙasa sosai. Turanci ake yi. Wani dogo ya tashi ya yi magana har na gaji, wani ya karɓa. Ina jira Alhaji ya miƙe ya ambaci sunan Yaya. Bai motsa ba. Da aka zo ƙarshe aka yi wata tambaya, na gabansa suka amsa, shi ma ya amsa a bayansu. Aka tashi. Na sauko ina ce wa kaina wataƙila a ɓoye ake irin wannan magana.

Akwai wani ɗan majalisa Bazazzage, tsohon malamin makaranta, da ke zuwa shan shayi wurin Alhaji bayan la'asar. Kun san wasan Kanawa da Zage-zagi. Da ya shigo sai ya ce ina bawansa na Kano, yau ma an tashi bai ce uffan ba, ko jira yake a fara ciniki? Alhaji yakan ce Bazazzage ko gaisuwa aka yi masa sai ya mayar da jawabi, shi ya sa aka kawo shi, don ya cika musu lokaci. Su yi ta dariya. Ran nan Alhaji ya shiga alwala, na ga dama ta samu. Na durƙusa kusa da Bazazzagen na zuba masa shayi, na tambaye shi yaushe majalisa za ta zo kan maganar yayana. Ya ce wace magana? Na faɗa masa. Ya fara dariya, yana tsammani tsokana ce ta Bakano. Da ya dubi fuskata sai dariyar ta tsaya.

Ya ajiye kofin. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro. Ya ce su aikinsu duba dokokin da majalisar da ke ƙasa da su ta riga ta gama, kamar tsohon da ake miƙa wa riga bayan an ɗinke ya duba ko zare ya fita. Aiki ne mai amfani a wurinsa, in ji shi, amma ba shi da haɗi da ɗakin tsaro a Kano. Ya ce ko akuyar da aka kama a gonar wani ba su da ikon su ce a sake ta. Maganar alƙali da wakili tana hannun wasu daban, kuma waɗannan wasun su ne suka miƙa sunan Alhaji. Sannan ya tambaye ni, a ƙasarku ba a zuwa ban-haƙuri ne? Na ce ana zuwa. Ya ce to me ya hana? Ya ƙara duban fuskata. Ya ce la haula, ya tashi ya ɗauki sandarsa, bai jira Alhaji ya fito ba.

Da Alhaji ya fito ya gan ni tsaye, ya gane. Ban taɓa tsayawa a kansa ina magana ba sai ran nan. Na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya zauna a bakin gado, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Gaskiya ne. Ba ni da wannan ikon. Ban taɓa samunsa ba." Na ce me ya hana shi faɗa mini tun a Kano, lokacin da ƙofa ke buɗe? Ya ce, "Da wane baki? Soro cike da mutane, ana gwada mini alkyabba." Ya ce ya yi niyyar ya aika wa wakili a asirce, sai aka ce masa wanda aka ɗora a kujera ba ya fara aikinsa da roƙon alfarma a wurin waɗanda suka ɗora shi. Ya ce da a bara ne, da shi da kansa zai ja ni mu je mu durƙusa tare. Na dube shi. Tsoho ne kawai a cikin rigar da ta fi shi girma. Ban zage shi ba. Na ce ya sa ni a jirgi.

Tafiyar dawowa ban ci komai ba. Daga tasha ban biya gida ba, na wuce wurin mai unguwa. Yana ganina ya kawar da kai. Ya ce an yi shari'a. Maganar da na yi a bakin kasuwa ta isa kunnen wakili tun kafin jirginmu ya tashi. Duk da haka ya ƙara jira, don liman ya roƙe shi. Da ya ji na tafi Ikko, sai ya miƙa. Alƙali ya ɗaure Yaya, ɗaurin da zai cinye damina har ya wuce kaka. Na ce wa mai unguwa ya taso mu je yanzu. Ya ce in ina so zai raka ni, amma in sani bakin alƙali ba ya komawa.

Muka je. Na tuɓe takalmi tun daga bakin lungu. Na shiga na durƙusa, na ɗebi ƙasa na shafa a goshi, na ce mun tuba, mun bi Allah mun bi ka. Baran nan yana tsaye a gefe da sabuwar hula. Na zaci wakili zai ci mini mutunci, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa nufin majemi ya kwana a gidan yari saboda hular bara ba. Ya ce kullum sai ya sa a share soron nan yana jiranmu, har fadawansa suka fara yi masa kallon wanda ake raina wa. Ya ce an faɗa masa shi ne zai tako Madabo, to ga shi bai tako ba, ni ma ban tako a kan lokaci ba. Ya ce ya yafe nasa, amma abin ya fita hannunsa. Ya sa aka mayar mana da goronmu. Abin da na ƙi yi lokacin da yake da amfani, na yi shi cikakke lokacin da ba shi da shi.

A zamanin nan, fursunoni ake fitowa da su aikin gari, shara da yashe kwata, ganduroba na biye da su. Na riƙa bin unguwanni ina neman inda aka kai su. Na same su wata safiya a Yakasai, bayan an kwana ana ruwa, suna cikin kwata har gwiwa. Da ƙyar na gane Yaya. Wuyansa ya zama kamar na tulu, idanunsa sun faɗa. Ganduroban ya san ni tun ina dako, ya juya baya ya bar ni na matsa. Yaya ya dogara da shebur ya dube ni, ya ga ba riga ba hula, ya gane komai ba sai na faɗa ba. Ya ce ina Dattijon nawa, ko yana nan tafe da Gwamna? Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi, ya daɗe bai sake shi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce in bar wannan, shi ya tura mutum a rami da hannunsa, ba ni na tura ba. Sannan ya ce, "Yarinyar nan, kada ka bari ta tashi a gidan wani." Ganduroba ya yi gyaran murya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bai ga kaka ba. Aka aiko mu je mu ɗauki gawa. Ni na ɗauke shi, ni da na ɗauki buhunan gyaɗa da ƙiraga a kaina shekara da shekaru, ban taɓa ɗaukar abin da ba shi da nauyi kamarsa ba. Majema duka ta zo jana'iza. Mai unguwa ya zo, bai ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, har ya mutu. Matar Yaya ba ta yi mini magana ba har ta gama takaba. Ranar da za ta koma garinsu ta miƙo mini yarinyar, ta ce wasiyyarsa ce, ba don ni ba.

Alhaji ya zo ta'aziyya ranar uku. Motarsa ba ta shiga lungunmu, a ƙasa ya tako cikin taɓo. Aka nemo masa kujera a maƙwabta, ya ƙi, ya zauna a tabarma. Ya yi addu'a, ya daɗe bai tashi ba. Da zai tafi ya ce in koma bakin aikina. Na ce masa na gode. Ban koma ba. Na nemo gammona na koma kasuwa, waɗanda suka ce mini Malam suka koma kai ɗan dako, kuma hakan ya fi mini daɗin ji. Da dako na riƙe yarinyar har na aurar da ita. 'Ya'yanta ne ke riƙe da ni yau.

Bayan wasu shekaru aka watse majalisar, Alhaji ya dawo soronsa. Na ji an fitar da kujerar, ya koma kan buzu, ya kuma koma yawon ban-haƙuri har ƙarfinsa ya ƙare. Wata rana ya zo kasuwa da ƙafa ya same ni ina ɗaure kaya. Ya nemi gafarata a gaban mutane. Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa ran nan, zuciyata ta daɗe kafin ta bi. Da ya rasu ina cikin masu ɗaukar makara. Ba mugu ba ne. Kunya ce ta hana shi cewa ba zan iya ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya sau biyu. Kujera ɗaya ta hana mu durƙusawa mu biyu, shi da yake kanta da ni da nake gindinta, wanda bai taɓa ganinta ba shi ya biya.

Abin da ya sa na rubuto, har yau ina ganin irina. Mutum ya zo yana murna ɗan unguwarsu ko ubangidansa ya shiga Majalisar Dattawa, daga ranar ya daina gaida mai unguwa, ya daina zuwa sulhu, kowa ya taɓa shi sai ya ce za ka gani. Ɗana, kafin ka jingina da kujerar wani, tambayi abin da kujerar ke iya yi da abin da ba ta iyawa. In babba ya ce maka za a duba, koma ka tambaye shi yaushe, kuma wa zai duba. In ya sunkuyar da kai, tashi ka nemi ƙofar da ke kusa da kai tun tana buɗe. Ku kuma da Allah ya ɗora, in abu ba ya hannunku ku faɗa da baki, a ranar, ko soro cike yake. A'a ɗinku ba ta kashe kowa. Za a duba ɗin nan ita ke kisa.

Yanzu gwiwoyina sun lalace, dako ya cinye su. A zaune nake sallah, ko sujada ba na iya kaiwa ƙasa. Gwiwoyin da na yi wa Yaya rowarsu ke nan. Har yau ban san me na adana su in yi da su ba.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Alhaji, ya sa ku fi ni jin magana. Wassalam.